Ranar da Surukina Ya Karanta Hirata da Ɗansa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kai ni ga manta sunayen jikokina, da wata Laraba da na durƙusa a zauren wani tsohon tafinta a Gashua ina roƙon Allah ƙasa ta tsage in shige. Bari dai in faro muku daga tushe.

Ni 'yar Nguru ce, malamar firamare. Maigidana ɗan Gashua ne, ma'aikacin jinya a wata ƙasa a Turai (ba zan faɗi sunanta ba, don ina da niyyar sake neman bizarsu). Ya daɗe a can har sun ba shi fasfonsu, wato a wajensu shi ɗan gida ne, ni kuwa baƙuwa ce mai son leƙa musu ƙasa. Shekararmu uku da aure, amma in aka haɗa kwanakin da muka yi a ɗaki ɗaya ba su cika wata huɗu ba. Sauran zaman auren duk a waya muka yi shi.

Ana nan sai likitoci suka gano wani ƙari a ƙodarsa, suka sa ranar tiyata nan da mako bakwai. Duk wanda ya san Gashua ya san yadda gaban mutane ke faɗuwa da an ambaci ƙoda, saboda yawan waɗanda ciwonta ya kashe a garin. Shi ya sa ya haɗa ni da Allah kada in bari maganar ta kai kunnen mahaifinsa, dattijo mai fama da hawan jini. A gida aka ce ziyara kawai zan je. Na cike takardun bizar ziyara, na je har Abuja aka ɗauki hoton yatsuna, na dawo na fara ƙulla kuka da daddawa a leda kamar wadda aka riga aka ce ta taho.

Ina cikin aji amsar ta shigo wayata. Sun hana. Na karanta sau uku, yara na ta ihu a kaina ban ma ji su ba. Dalilin da suka bayar shi ya fi yi mini ciwo: wai jami'in bizar bai gamsu cewa akwai aure na gaskiya tsakanina da mutumin da na ce zan je wurinsa ba. Ni! Ni da aka yi kwana huɗu ana bikina har jallof ta ƙare aka koma dafa taliya!

Sai da zuciyata ta ɗan sauka na koma na duba hotunan da na tura musu a matsayin shaida. Hoto kusan talatin, duk maza ne cikin manyan riguna a ƙofar masallaci, ana rabon goro da alawa. Ango ba ya ciki, don a lokacin ba a ba shi hutu ba, baffansa ne ya karɓa masa auren. Ni kuma hotona guda ɗaya ne tak, an lulluɓe ni da lafaya tun daga ka har ƙasa, babu abin da ake gani sai yatsun ƙafa da lalle. Tsakani da Allah, ko ni aka nuna wa hoton nan aka ce in rantse ni ce a ciki, sai na ɗan yi tunani.

Maigidan ya samo wata lauya a can. Ta ce za a iya rubuta musu takardar ƙalubalantar hukuncin, amma sai da sabuwar shaida. Ta ce in tattaro saƙonnin da muke yi wa juna a waya na wata shidan da suka wuce, in zaɓi waɗanda suka dace, a kai wa tafinta mai hatimi wanda ba ɗan'uwanmu ba ya juya su zuwa Turanci. Kwana goma ta ba mu, in muna son amsa ta fito kafin ranar tiyata.

To a nan ne wautata ta motsa. Kun ji ta ce in zaɓa, ko? Ban zaɓa ba. Na ce a raina, mutumin da ya ce bai ga aure ba, yau zai gani har ya ƙoshi. Na kwashe hirar wata shida kaf, ko leƙawa ban yi ba, na tura wa Yagana, ƙanwar maigidana da ke Gashua. Ta kai shagon kwamfuta aka buga, shafi saba'in da wani abu, aka zuba a ambulan. Ta ce akwai wani Malam Modu, tsohon tafintan kotu da ya yi ritaya, har yanzu yana da hatiminsa, can za ta kai.

Hankalina bai tashi ba ko kaɗan. A tunanina baƙo ne zai karanta, bai san ni ba ban san shi ba, ya gama ya buga hatimi kowa ya kama gabansa.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Abinci ba ya wuce mini, ina koyar da lissafi ina ƙirga kwanakin tiyata a gefen allo. Shi kuma maigidan kullum yana ce mini kada in damu, amma ina jin muryarsa na san tsoro yake ji, ga shi a ƙasar da ko mai miƙa masa ruwa ba shi da shi.

Ranar Talata Yagana ta kira ta ce, "Anti, Malam Modu ya ce ki zo gobe da kanki, akwai wuraren da yake son ki yi masa bayani, kuma za ki sa hannu a kowane shafi."

Da sassafe na hau mota a tashar Nguru. Kafin hantsi ya dubi ludayi ina Gashua, Yagana ta raka ni har ƙofar gidan ta wuce kasuwa. Na tsaya zan yi sallama ke nan sai na ji ana karatu a cikin zauren, da wata murya mai kauri, a hankali, irin ta mai karanta wa wanda ake tuhuma laifinsa a kotu:

"Ɗan lelena, yau na sa rigarka na kwanta don in ji ƙamshinka."

Wani kuma ya ce, "A hankali, Alhaji, hannuna bai kai bakinka sauri ba."

Jama'a, na san muryar mai karatun nan. Na kalli ƙasa, ga takalma ƙafa biyu a bakin ƙofa, ɗaya baƙin sau-ciki ne da na sha gani a ƙofar ɗakin surukina. Innalillahi! Ashe Malam Modu yana fama da yanar ido, ƙananan rubutu sun fi ƙarfinsa. Don haka duk aikin da aka kawo masa, amininsa na shekara arba'in ne ke zuwa ya karanta masa da ƙarfi, shi kuma yana rubuta Turancin da manyan baƙaƙe. Aminin nan kuwa ba kowa ba ne illa mahaifin mijina. (Yagana ta rantse mini daga baya cewa ba ta san haka suke yi ba. Har yau ban gama yarda da ita ba.)

Ku fahimci wane ne Baba a wurina. Shekara uku ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. In zan gaishe shi daga nesa nake zubewa, muryata ko sauro ya fi ta ƙarfi. Shi kansa mutum ne mai tsananin kunya, maigidana ɗansa ne na fari, ban taɓa jin ya kama sunansa ba, sai dai ya ce "yaron nan". Wannan bawan Allah ne ya kwana huɗu yana karanta "ɗan lelena" da bakinsa.

Na juya zan gudu, wallahi har na ɗaga ƙafa. Sai na tuna saura kwana huɗu wa'adin lauya ya cika. Na yi sallama da wata murya da ni kaina ban gane ta ba, na shiga na durƙushe a bakin tabarma, na ja mayafi har kan hanci.

Baba ya amsa gaisuwata kamar kullum, ya tambayi mutanen Nguru da hanya. Malam Modu ya gyara tabarau ya jawo takardu ya ce, "Yauwa, 'yata, gara da kika zo. Alhaji, koma mana shafi na talatin da ɗaya."

A nan sai na yi muku bayanin kifi. Tun da aka kawo ni, duk wata Baba sai ya ba direba kwalin banda, kifi mai kyau zaɓaɓɓe, a kawo mini Nguru. Ni kuwa tun ina yarinya ba na shiri da kifi (na sani, 'yar Nguru da ƙin kifi abin kunya ne, amma haka Allah ya yi ni). Duk wata nakan kira shi in ce, "Baba, saƙo ya iso, mun ci ya yi daɗi ƙwarai, Allah ya ƙara girma."

Baba ya buɗe shafin, ya yi gyaran murya, ya karanta:

"Babanka ya sake aiko da kifinsa. Gidan duk ya bi ya ɗau ƙarni, har labule. Na rabar wa maƙwabta, kyanwar Hajiya ma ta samu rabonta. Don girman Allah ka san dabarar da za ka yi ya daina, na gaji da yi masa ƙaryar ya yi daɗi."

Na ƙara sunkuyar da kai ƙasa. Malam Modu kuwa ko a jikinsa, ya ɗaga biro ya ce, "To abin da nake son sani, wace Hajiya ce? Bature mutum ne mai son bayani, dole in sa masa a ƙasan shafi."

Na ce, "Maƙwabciyata ce, Malam." Sai kawai hawaye suka ɓalle mini. Na ce, "Baba, don Allah ka yafe mini. Malam, a cire shafin nan, a cire duk inda aka ambaci kifi."

Baba ya ce, "Ba za a cire ba. Modu, kada ka rage ko wasali." Ya ajiye takardar a cinyarsa. "Yarinya, mutumin nan cewa ya yi bai ga aure ba. Zancen ɗan lele ko 'yan makaranta suna rubuta wa juna. Amma macen da ke mitar kifin surukinta sau shida a wata shida, wannan matar aure ce, ko a gaban wane alƙali."

Sau shida. Ashe har ƙirgawa ya yi.

Ina cikin wannan hali sai wani abin da ya fi kifi girma ya faɗo mini a rai. Tiyata! Duk maganar ƙodar tana cikin takardun nan, har da inda ɗansa ya rubuta cewa yana tsoron kada ya mutu bai sake ganin Baba ba, da inda ya ce kada in kuskura in gaya masa. A karo na farko a rayuwata na ɗago kai na kalli fuskar surukina. Idanunsa sun yi ja, sun faɗa, da gani ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba.

Ya gane abin da nake tunani. Ya ce, "Na kai wurin tun shekaranjiya."

Malam Modu ya ce, "Da ya iso shafin sai ya ce zai je ya yi alwala. Ya fi awa bai dawo ba. Tun da ya dawo kuma ya hana ni sakat, ko ƙailula ba ya bari in yi."

Baba ya miƙo mini biro ya ce, "Sa hannu, lokaci na tafiya. Ni ba zan iya zuwa ba. Ke za ki je ki tsaya a kansa, ki tsaya mini."

Haka na zauna na sa hannu a shafi saba'in da wani abu, ɗaya bayan ɗaya, ina sharar hanci da gefen mayafi, kowane shafi na wuce ina ganin abin da na rubuta ina ƙara nutsewa.

Lauya ta shigar da takardun ana saura kwana ɗaya wa'adi ya cika. Da ta turo mana kwafin wasiƙarta, sai na ga a cikin hujjojin da ta jero har da maganar kifin, ta ja mata layi. Muka yi mako uku muna jira, na rame har zanena na kwancewa. Ana saura kwana tara tiyata suka janye hukuncinsu, biza ta fito.

Ina zaune a gefen gadonsa ya farfaɗo. Abin da ya fara tambayata, da murya ƙasa-ƙasa, shi ne, "Baba dai bai sani ba ko?" Sai na kara masa waya a kunne, don tun da aka shiga da shi Baba ke kan layi yana jira. Ina ji tsohon nan ya kira ɗansa da sunansa na yanka, har sau biyu. Maigidana ya juya fuska ga bango yana kuka, ni ma na taya shi.

Darasin da na koya shi ne, in mai ilimi ya ce ki zaɓa, to ki zauna ki zaɓa, kuma kafin ki miƙa sirrinki ga tafinta ki fara tambayar lafiyar idonsa. Kwalin kifi kuwa har gobe yana zuwa duk wata. Sai dai yanzu akwai ƙullin dabino a samansa mai ɗauke da sunana, a jikin kwalin kuma Baba kan rubuta da hannunsa: "Na maƙwabta, a ba kyanwar Hajiya nata."