Yadda Ake Samun Aure da Kallon Tsuntsaye a Bakin Tekun Baltim

Duk wanda ya bi matakan nan shida, bai tsallake ko ɗaya ba, na lamunce masa aure kafin sanyi ya shigo Alƙahira. An gwada su a kan Habibu, ɗalibin fiƙihu ɗan Yelwa da ke haya a Abbasiya, a watan Satumbar 2013. Gaskiya ne ya karya kusan dukkansu, amma wannan laifin ɗalibi ne, ba na littafi ba.

1. Ka nemi dalili.

Babu mai hankalin da zai tashi da asuba, ya yi tafiyar awa huɗu a mikrobas, don kawai ya kalli abin da ba zai ci ba. Dole da mace a ciki.

Dalilin Habibu sunanta Mahasin, ma'aikaciyar jinya, Bahaushiyar Sudan da ke zaune da mahaifiyarta a Hadayek el-Maadi. Mahaifinsu ya rasu, don haka yayanta Hatim ne waliyyi. Hatim kuwa ba ya tambayar manemi asali ko sana'a. Yana da ƙungiyar sa-kai da ke zuwa gaɓar Baltim duk Asabar, su ƙirga tsuntsayen da suka tsallako teku daga Turai, su kwashe shara, su lallashi masu kafa wa tsuntsaye raga. A can yake auna mutum.

"Ka biyo mu ranar Asabar," in ji Mahasin. "In Yaya ya ce tamam, ka turo manya. In ya yi shiru, khalas, shi ke nan."

Mutum biyu sun riga sun kwashi shirun nan.

2. Ka sa kayan da ba ka so.

Tsohon wando, tsohon takalmi, hular rana. Tsuntsu ba ya ganin girman guga.

Habibu ya ji an ce zai haɗu da waliyyi, sai ya zo da farar shadda mai sitaci, ya yi wanka da turare. Duk takun da ya yi a kan yashi sai ta yi ƙara kamar ana yaga takarda. Garken balbela guda ya tashi tun bai iso ba.

Hatim ya dube shi sama da ƙasa. "Ya zol, bawan Allah, ɗaurin aure muka zo?"

"Da fatan haka, Yaya."

Hatim bai yi dariya ba.

3. Ka ɓoye iliminka.

Za a ba ka madubin hangen nesa da littafi mai hotuna. Ka duba sama, ka duba littafi, ka ce "Subhanallah" a hankali. Ya wadatar. Na karanta littattafai uku a kan ƙaurar tsuntsaye tun da gidana ya yi shiru, ban ga wanda ya fi wannan kalma bayani ba.

Matsalar Habibu ita ce ya sani. A bakin Kwara ya girma, da danƙo a wuya. Tun mutane na juya madubi ya ce, "Zalɓe ne." Suka buɗe littafi, zalɓe ne. Ya nuna musu tsattsewa, ya nuna alhudahuda a inda babu wanda ya ga komai sai ƙaya. A karon farko Hatim ya matso kusa da shi.

"Ina ka koyi wannan, Malam Habibu?"

"A gida, Yaya. Ai zalɓe ba ya ɓuya. Sai dai namansa ƙarni gare shi, sai an sa citta sosai."

Hatim ya koma inda yake.

4. Ka tsinci shara kamar ka saba.

Za a miƙa maka buhu. Ka karɓa da fara'a, ko da abokan hayarka za su rantse ba su taɓa ganinka da tsintsiya ba. Robar da ta fi kusa da idon waliyyi ita ta fi lada.

A nan Habibu ya yi abin kirki. Ya naɗe shadda, ya shiga ruwa har gwiwa, ya jawo wata tsohuwar raga da ta fi shi nauyi. Mahasin ta riƙe masa takalmi. Da ya tsaya a nan, da babu sauran labari.

5. Ka manta da tsaraba.

Wannan shi ne mataki mafi wuya ga ɗan gidan mutunci. Uwarka ta koya maka ba a dawowa daga tafiya hannu rabbana, balle in za a biya ta gidan surukai. Yau ka manta da uwarka.

Bayan azahar Habibu ya sulale ya sami wani mai raga a bayan tudun yashi. Salwa yake sayarwa, wadda ta kwana tana tsallaka teku, ta faɗo a gajiye cikin raga. Ya sayi keji guda, masu rai, don ya yanka da hannunsa Hajiya, mahaifiyar Mahasin, ta ci sabon nama. Ya tura kejin ƙarƙashin kujera, ya rufe da darduma.

Direba ya ce yalla, ya tada mota. Darduma ta yi kuka.

6. In asiri ya tonu, ka yi ƙarya.

Hatim ya ɗaga darduma, ya daɗe yana kallon kejin. Mutum goma sha biyu da suka wuni suna roƙon masu raga suka zuba ido. Sai ya buɗe wa Habibu ƙofar tsira, don dai ya tuna ragar nan da ya jawo.

"Ka saye su ne don ka sake su, ko?"

Kai mai karatu, ka ce e. Harafi ɗaya ne.

Habibu ya dubi Mahasin, ya dubi ƙasa. "A'a wallahi, Yaya. Hajiya na sayo wa. Kunyar shiga gidan nake ji ba komai a hannu."

Shirun nan da ya kori mutum biyu ya sauka. Mahasin ce ta fasa shi, da dariyar da ta sa ta dafa kujera.

"Yaya, shekara uku duk Asabar Hajiya na cewa a taho mata da salwa, kana yin kamar ba ka ji ba!"

"Ma'alish, a yi haƙuri," in ji Hatim, "amma ba za su shiga Alƙahira ba."

Habibu da kansa ya kai kejin bayan tudu, nesa da raga, ya buɗe. Suka yi jim, sannan suka fice ɗaya bayan ɗaya, suka nufi kudu. Ya bi su da kallo yana haɗiyar yawu.

Bayan magariba ya durƙusa gaban Hajiya da shadda mai laka da keji babu komai. Mahasin ta ba da labari tiryan-tiryan. Tsohuwar ta juya ga ɗanta.

"Wato an samu mutum ɗaya da ya tuna ina da baki, kai kuma ka watsar da rabona a sama? Habibu, ka turo manyanka Juma'a. Kai kuma Hatim, ka ce tamam in ji."

Ya ce tamam.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Yanzu Habibu ne ke riƙe littafin ƙungiya duk Asabar, kuma rabonsa da naman tsuntsu tun ranar. Kada a kawo mini ƙara.

Na lamunce maka samu, ban lamunce maka zama ba. Matata, marigayiya Mardiya, takan tsaya a tagarmu a nan Alƙahira duk kaka tana kallon masu wucewa kudu, ta ce, "Malam, ga 'yan gida nan za su riga mu isa." Nakan ce ta rufe taga, ƙura na shiga littattafai. Su suna dawowa duk shekara. Idan taka ta ce ka zo ka ga tsuntsu, ka ajiye littafin ka je.