Cindo da Motar da Ta Ƙi Hucewa

A garin Rafin Kuka akwai wani gida mai mutum huɗu: Inna Kande, da babban ɗanta Sallau direba, da ƙaninsa Cindo, da Tabawa matar Cindo. Cindo ya haura shekara arba'in, ga ƙarfi ga ladabi. Matsalarsa ɗaya ce, yadda magana ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Abincin gidan kuwa duk a kan tsohuwar a-kori-kurar Sallau yake, wadda ke kai hatsi kasuwannin ƙauye. To a kakar nan sai motar ta tsiro da wani hali: da an ɗan yi tafiya sai injin ya ɗau zafi.

Wata rana Sallau ya dawo da rana tsaka, ya tsayar da ita a ƙofar gida tana huci. Ya ce, “Cindo, in ta huce ka ba ta ruwa.” Ya shige ciki. Da la'asar ya fito, ya tarar da Cindo tsugune, ya ajiye baho cike da ruwa a gaban mota, yana yi mata fito irin wanda ake yi wa jaki a bakin rijiya.

“Me kake yi haka?”

“Yaya, tun azahar nake lallashinta, ko kurɓa ɗaya ba ta yi ba. Ina jin ba ta saba da ni ba ne.”

Sallau ya buɗe bonet, ya nuna masa bakin lagireto, ya ce nan ne ake zuba ruwan. Cindo ya riƙe haɓa ya ce, “Ikon Allah! Baki a tsakiyar ka.”

Wata rana kuma suka ɗauki gero za su kasuwa. Sallau ya nuna masa agogon zafi a gaban direba, ya ce, “Ni idona na kan hanya. Ka sa ido a kan allurar nan, da ta tsaya a kan ja ka gaya mini.” Cindo ya zuba mata ido, ko ƙiftawa ba ya son yi. Suna cikin hawan wani tudu sai tururi ya turnuƙe gilashi. Sallau ya taka burki ya daka masa tsawa, “Ban ce ka gaya mini ba?”

Cindo ya ce, “Ai ba ta tsaya ba, Yaya. Da ta zo kan jan wucewa ta yi abinta.”

Ranar a gindin marke suka wuni, kasuwa ta tashi ba su.

Wata rana suka kai ta garejin Ɗan'azumi bakanike a cikin gari. Ya leƙa nan, ya taɓa can, ya ce, “Fanka ce ta mutu.” Sallau ya ce wa Cindo ya hau acaɓa ya je gida ya faɗa, don kada a jira su da abinci. Cindo ya isa, ya cire hula a zaure, ya shiga yana salati. Ya ce, “Inna, sai haƙuri, an yi rashi.” Tabawa ta saki muciya ta kurma ihu. Kafin ka ce me, matan maƙwabta sun cika tsakar gida, liman ya iso da carbinsa.

Inna Kande ta ce, “Sallau ne?”

“A'a, Fanka ce.”

“Wace Fanka? 'Yar gidan wa?”

“Ta cikin mota, Inna. Ɗan'azumi ya taɓa ta, ko motsi.”

Liman ya juya ya fita yana ƙunshe dariya.

Aka sa sabuwar fanka, aka canja tiyo, aka canja murfin lagireto. Zafi dai bai fasa ba. Sallau ya gaji. Ya zauna gaban Inna ya ce sayar da ita zai yi, ko da abin da za a ba shi ba zai sayi wata ba. Inna kuwa ta san in motar ta tafi, sana'ar gidan ta tafi.

Wata rana da safe Sallau ya ce, “Cindo, Alhaji Maikano zai zo ganin mota da azahar. Ka ɗan wanke mata fuska.” Cindo ya tsaya a gabanta ya ƙare mata kallo. Fitilu biyu ya ce idanu ne, ya goge su tas. Ragar da ke tsakaninsu ya ce hanci ne. Da ya leƙa ciki sai ya ce, “Wayyo, baiwar Allah, da me kike numfashi?” Ya kwance ragar, ya samo tsinken tsintsiya da buta, ya zauna yana sakace ƙananan ramukan lagireto ɗaya bayan ɗaya. Ƙaiƙayi ya fito, busasshen taɓo ya fito, gashin kaji da matattun fari suka fito, har suka cika kwano. Sauran jikin motar kuwa ko ɗigon ruwa bai gani ba.

Alhaji Maikano ya zo, ya ga mota buɗu-buɗu da ƙura, ga kashin zabi a kan ƙofa. Ko saukowa daga babur ɗinsa bai yi ba, ya juya. Sallau ya faɗa mota, Cindo ya ɗare gefensa, suka bi Alhaji don a ba shi haƙuri. Suka hau tudun nan, suka sauka, suka hau na gaba. Sallau ya dubi allura, tana tsakiya ba ta motsa ba. Ya ƙara wuta, tana nan. Suka cim ma Alhaji Maikano, Sallau ya ɗaga masa hannu kawai ya wuce, sai garejin Ɗan'azumi.

Ɗan'azumi ya leƙa, ya sosa ƙeya, ya ce, “Ashe iska ce ba ta ratsa lagireton. Wane ne ya yi aikin nan?”

Sallau ya dafa kafaɗar ƙaninsa yana dariya har da hawaye, ya ce, “Cindo, ashe kana da kai!”

Cindo ya cire hula ya shafa, ya ce, “Tun da aka haife ni yana nan, Yaya. Sai yau ka lura?”