Shirun Minti Ɗaya

Mijina Murdo ba ya nan. Ya rasu bara, cikin tsananin sanyi. Kujerarsa tana gaban taga yadda ya bar ta, amma babu mai gyaran murya da sassafe ya kori kyanwa daga ɗaki. Ku taya ni roƙon Allah ya ba shi hutawa.

Ni Rifkatu ce, 'yar Wusasa, karatuna bai wuce firamare ba. Murdo ya zo ƙasarmu yana saurayi, yana koyar da waƙa a makarantar da nake aikin kicin. Ya ci tuwona, ya ce shi fa ba zai koma gida shi kaɗai ba. Haka na tsinci kaina a garinsu, wani ƙauyen masunta a arewacin Scotland, inda ruwan sama ba ya tambayar wata. Mawaƙi ne, mai irin muryar nan ta maza da ke hawa sama har ka ce ba za ta sauko ba. Waƙarsa iri biyu ce. Akwai ta manyan zauruka, wadda yake sa baƙar kwat ya yi da Italiyanci ko Jamusanci. Akwai kuma ta gida, wadda yake ɗaura bujen nan nasu na maza ya yi waƙoƙin kamun kifi da na matan da ke jiran jirgi a bakin teku. Masana sun daɗe suna yi masa faɗa a jarida, wai yana zubar da muryar zinariya a kasuwar kifi. Shi kuwa cewa yake ta farkon ce ke ciyar da shi, ta biyun ce ke ƙosar da shi.

Da ciwo ya yi nauyi, abu ɗaya ya roƙe ni. Ya ce in an taru dominsa, masuntan garinsu su yi waƙar da uwarsa take yi in tana gyaran kifi. Na yi masa alkawari.

Sai ga shi an shirya babban taron tunawa da shi a birni. Shugaban shirin wani farfesan kiɗa ne, kuma shi ne dai wanda ya fi kowa caccakar Murdo a jarida yana da rai. Ya zo gidana da furanni, ya tarar da ƙanin mijina, Ewan, wanda masunci ne, ya dawo daga teku ko takalman roba bai cire ba. Farfesa ya zauna nesa da shi, ya dafe ƙirji.

"Madam, ƙasa ta yi rashi. Ba a taɓa yin irinsa ba, ba kuma za a yi ba."

Na ce, "Ashe? Kash, da ka faɗa masa. Kullum yana sayen jaridarku."

Ewan ya ƙware da shayi. Farfesa ya yi kamar bai ji ba, ya shiga lissafa mini tsarin taro: wance za ta yi ta Italiyanci, wane zai yi ta Jamusanci, manyan baƙi za su yi jawabi.

Na ce, "To su Ewan fa? A ina za su shigo?"

"Su shigo su yi me?"

"Waƙar uwarsa. Shi ya roƙa."

Ya dubi Ewan tun daga hula har takalmi. "Madam, ki yi haƙuri. Zauren da za a yi taron yana da daraja. Mutanen nan ba su taɓa koyon waƙa ba."

Ewan ya ce, "A jirgin kamun kifi ɗaya muka koya da shi, yallaɓai. Shi dai ya fi mu huhu."

"Ban raina ku ba," in ji Farfesa, yana matsar da ƙafarsa daga ruwan da ke ɗiga daga takalman Ewan. "Amma akwai jakadu a wurin. Za ku samu kujeru masu kyau a baya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san darajar zaure ba. Alkawari na sani, kuma wanda na yi wa ba ya nan balle in je in ba shi haƙuri."

Sai ya sassauta murya, irin yadda ake lallashin yaro. "Kada ki damu, mun tanadi abin da ya fi waƙar kifi girma. A daidai wurin da kike so su yi, dukan zauren zai miƙe tsaye, manya da ƙanana, a yi masa shiru na minti ɗaya. Babu karramawar da ta kai wannan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, shiru kam ya samu, ba na minti ɗaya ba, har tashin matattu. In kyauta za ku yi masa, ku ba shi abin da ba shi da shi."