Ranar da Na Nemi Vodka a Mansur

Ba zan taɓa mantawa da satina na uku a gidan miji a unguwar Rusaifa ta Makka ba. Dangin maigida za su zo ganin amarya, ni kuwa na ƙudura sai na burge su. A waya na ga wani Bature yana haɗa abin sha a gajeren kofin gilashi: ƙanƙara, baƙar gahawa, sannan ya kwarara kirim ta bayan cokali, farin yana sauka a hankali. Ya yi kyau wallahi. Na kwafe sunayen kayan a takarda, ban tambayi kowa ba (ni a dole mai Turanci).

Da safe muka tafi kasuwar Mansur da surukata, Hajiya Umma, shagon wani dattijo, Ammu Sale. Mata sun cika wurin.

Na ce, "Ammu, a ba ni gahawa da kirim, sai vodka ƙaramar kwalba."

Ya cire tabarau. "Na'am?"

Na maimaita da ƙarfi, har da bayani: "Fara ce tas kamar ruwa." (Na ɗauka 'yar'uwar ruwan wardi ce.)

Wata mata ta saki salati. Ammu ya rage murya. "Ya binti, giya ce fa. A Makka kike."

Ban taɓa gode wa niƙabi kamar ranar ba.

Hajiya ko gezau. Ta karɓi takardar, ta ninke, ta jefa a jaka. "Sale, yarinyar da ba ta ma san mene ne abin ba, ai irinta ake nema wa ɗa. Miƙo hel da zumar dabino." Matan suka kwashe da dariya, har da mai salatin.

A gida ita ta shiga kicin. Ta dafa gahawa mai kauri da hel, 'yan ƙwayoyin nan masu ƙamshi, ta bar ta ta huce, ta zuba zumar dabino da ƙanƙara, ta ɗora kirim a kai. Baƙi suka shanye suna neman ƙari, ta ce musu, "Dabarar amaryarmu ce." Ɗanta ma ba ta faɗa masa ba, ni na tona kaina bayan shekara.

Tun daga ranar, kalmar da ban sani ba, a kunnen Hajiya nake fara raɗa ta kafin ta isa kasuwa.