Yadda Za Ka Zama Injiniyan Bututun Teku a Zauren Surukinka

Zauna ka natsu, ɗan'uwa. In ka yi wata shida kana wanke-wanke a jirgin haƙar mai, ka dawo Katsina aka fara ce maka Injiniya, bi matakan nan a hankali, aure kamar an ɗaura. Ɗalibina Habibu ya gwada su a zauren Alhaji Yari na Ƙofar Marusa, ran da ya je gaisuwa kan maganar 'yarsa Binta.

1. Fara da sanyi
Ka ce ƙasan teku akwai sanyi, kakin da ke cikin ɗanyen mai yakan daskare a bututu kamar kitsen miyar da ta kwana. Kada muryarka ta yi rawa. Duk Katsina babu mai nutsawa ya dubo.

2. Ƙara da ƙanƙara
Iskar gas da ruwa, in sanyi ya same su a matse, ƙanƙara suke zama su toshe hanya. Maganinsa a lulluɓe bututu, a ɗumama shi. Akwai kuma wani ruwa dangin barasa da ake ɗurawa. Wannan ka haɗiye shi. Maganar nake nufi.

3. Kada ka fassara komai
Nan Habibu ya zame. Na'urar da ake turawa cikin bututu ta kankare kakin, da sunan alade Turawa ke kiranta.

"Da me kuke yashe bututun?" in ji Alhaji.

"Alade muke turawa, Baba. Duk mako."

Alhaji ya janye ƙafarsa. "Da hannunka?"

"Da hannuna. Ni ke wanke shi ma."

Aka ɗauke kwanon furar da aka ajiye wa Habibu.

4. Nemi bututu mafi kusa
Can sai Hajiya, uwar Binta, ta ɗaga murya daga ciki: bututun wanke-wankenta kwana uku a toshe, in da gaske injiniya ne ya shigo. Habibu ya naɗe hannun riga, ya sheƙa ruwan zafi buta biyu da garin sabulu. Kitse ya narke, ruwa ya wuce.

"Alhaji, yaron nan bai taɓa ganin alade ba," in ji Hajiya. "Ɗan wanke-wanke ne. Dubi yadda ya ɗauraye butar ya kife. Irinsa nake nema wa Binta."

Jan hankali
Ni ban taɓa ganin teku ba, Habibu ne ya ba ni labari yana dirzar tukunyar amaryarsa. In bututun gidan surukinka lafiya lau yake, babu ruwana.