Hon Ɗin Ranar Talata

"Lafiya lau, sai warin gas da ya riga ka shigowa. Tsaya nan bakin ƙofa, kar ka kashe min kaji."

Abin da Kaka ta tari jikanta da shi ke nan, direban tirela, wanda ta laƙaba wa Sai-Wata-Rana don ba a ganinsa sai an kusa manta kamanninsa. Gidanta a bayan babban titi yake. Shekara shida ke nan, in ya biyo da kaya ba halin tsayawa, sai ya danna mata hon, dogo biyu gajere ɗaya, ta san ya wuce lafiya. Yau kam da magana ya zo, kuma ya rantse ba zai tashi ba sai ta karɓi abin da ke cikin ɗan kwalin da ya riƙo. Ya zauna ta damanta, wajen kunnen da ya fi ji.

"Amarya, wancan zuwan haƙoranki uku, yau na ga biyu. Ina ɗayan?"

"Na aike shi neman mijina, tunda ya auri kwalta ya bar ni."

"To ga mijin ya dawo, har da tsaraba."

Ya buɗe kwalin. Waya ce mai manyan maɓallai, irin wadda makaho ma zai lalubo.

"Kai, ɗauke min wannan sabulun! Me zan yi da shi, wanka?"

"Da ya taimaka. Kira za ki riƙa amsawa. In na kira za ta yi rawa a hannunki, ta kawo wuta, sai ki danna koren nan."

"Ni da nake da hon? Hon ɗinka da ke tashin matattu? Bar min abina."

"Kina jin sa kuwa?"

"Ji shi da rainin wayo! Kunnen nan nawa yana jin tafiyar tururuwa a kan bargo. Ranar da aka haife ka ina kasuwa na jiyo kukanka, na ce an haifo mana masifa."

"Ranar Talata da na wuce fa, kin ji?"

"Sarai! Dogo biyu gajere ɗaya. Har kwano ya faɗo daga kan kanta, kaji suka watse."

Direba ya zuba mata ido. Abin da yake tsoro ke nan tun watanni, ga shi ta faɗa da bakinta. Zuciyarsa ta karye, amma bai bari ta gani ba.

"Kaka, ranar Talata wayar hon ɗin a tsinke take. Na danna, na danna, ko ƙis. Haka na wuce shiru kamar ɓarawo."

Tsohuwa ta gyara ɗankwali, ta kori wata kaza da ba ta yi mata komai ba.

"To, wata motar ce na ji."

"Ba wata mota. Tun yaushe kika daina ji?"

"Kai alƙali ne? Ɗan banza mai ƙafa kamar tayar baya."

"Zage ni da kyau, abin da na zo nema ke nan. Tafiyar nan da na dawo, kwana goma sha ɗaya na yi ban yi hira da kowa ba sai mai zuba mai. Wallahi har na kama kaina ina ba sitiyari labari. Kaɗaici yana cin mutum a kujerar nan, Kaka."

"Matarka fa, ba ta da baki?"

"Tana kira, Allah Ya yi mata albarka. Amma ita lallashi take, sai in ji barci. Zaginki ne ke buɗe min ido. Jibi zan ɗau hanya, sati uku, kuma ba zan tafi in bar ki kina sauraron titin da ba ya gaya miki komai ba. Ko ki karɓa, ko in kwance tayoyin motar in tare a ɗakin nan, ki riƙa ciyar da ni."

"A'uzubillahi! Da cikin nan naka kamar tanki? Miƙo sabulun."

Ta karɓa tana juya shi. Ya ciro tasa wayar ya kira. Abin ya yi rawa a tafinta, ta zabura har ta kusa jefar da shi, sannan ta danna koren da ƙarfi ta manna a kunnen dama.

"Wane marar aikin yi ne?" ta daka tsawa, alhali gwiwarsa na taɓa tata.

"Mijinki ne," ya ce a cikin wayar, a hankali.

Ta ji. Ya ga ta ji, don idonta ya kawo ruwa kafin ta tuntsire da dariya, haƙoran nan biyu a waje.

"Ka ci, ɗan nema. Amma ka gyara hon ɗin, kar ka fasa dannawa."

"Ke da ba kya ji?"

"Maƙwabta suna ji. Wata huɗu ke nan su ke leƙowa su ce min, 'Kaka, mijinki ya wuce.' Kar ka sa su ce ka sake ni."