Yadda Za Ka Miƙe Hoton Bidiyo Idan Raguna Sun Fito Ƙafafu a Sama

Ɗan'uwa mai ɗaukar bidiyo, idan ka ɗaura wa kyamararka adafta, ka leƙa ka ga duniya ta kife, kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun gwani. Ni ne Sabiru mai bidiyo na bayan tashar Daura, kuma na yi maka alkawari: bi matakan nan shida, hotonka zai miƙe tsaf ba tare da ka sayar da babur ɗinka ba. Duk na gwada su a yini guda.

Ga yadda aka yi. Kawun matata Fadila, Alhaji Nagoggo, yana kiwon raguna a Mai'adua. Saura kwana goma babbar sallah, abokin cinikinsa na Ibadan, Alhaji Kalilu, ya ce ba zai turo mota ba sai ya ga dabbobin a bidiyo. Fadila ta ce ai ga mijinta. Na goya ta a babur muka tafi.

Mataki na 1: Ka gane cutar, amma kada ka amsa laifi

Adafta wani bututu ne da ake ɗaurawa a bakin kyamara don a liƙa mata gilashin kyamarar hoto. Da shi abin da ka ɗauka zai fito tarwai, bayansa kuma dishi-dishi kamar a fim. Na sayo tawa ta hannu a Kano. Abin da ba a gaya mini ba shi ne, kowane gilashi kife hoto yake yi. Kyamara ta iya miƙe na gilashinta, na baƙo kuwa ba ruwanta.

Saboda tsabar ƙwarewa, ban buɗe kwalin ba sai a garken Kawu. Na leƙa, sai ga raguna arba'in suna reto daga sama, Kawu kuma yana tsaye a kan hularsa. Ya tambaye ni ko hoton ya fito. Na ce masa irin wannan ko a Kano sai manya. Riƙe wannan: gwani ba ya mamaki a gaban jama'a, sai ya shiga banɗaki.

Mataki na 2: Kife kyamarar

Wannan kyauta ne. Juya kyamarar ɗungurungum, cikinta ya kalli sama, abin da za ta naɗa zai fito daidai. Sai dai ƙaramin allon da kake leƙawa shi ma ya kife tare da ita, don haka kai har yanzu a juye kake gani. Madannai kuma duk sun koma ƙasa. Na yi minti ashirin ina bin wani farin rago mai ƙaho a murɗe har sau uku, ina durƙusawa, ina miƙewa, ina ce wa mutane su matsa. Daga baya na ga ashe babban yatsana ya kashe kyamarar tun a minti na farko.

Mataki na 3: Ari madubin matarka

Mayar da kyamarar yadda take, ka ce wa uwargida ta ba ka madubin hodarta. Ɗaure shi da kyauro a ƙasan allon, ka karkata shi, ka riƙa kallon cikinsa. Sama za ta koma sama. Amma hagu da dama suna nan a musanye, kuma wannan ba ya nuna kansa sai abu ya motsa.

Rago ya yi hagu, na bi shi dama. Ya dawo, na sake kuskure shi. A madubi na hango wani baƙin rago ya sunkuyar da kai ya taho ta hagu, sai na goce dama cikin gwaninta, na kai masa kaina har inda yake. Na tashi daga cikin kwanon dusa, kyamara a sama, madubi a tarwatse. Kawu ya ce sannu, ya kawar da kai. Fadila ta durƙusa tana tsince gilasan madubinta ɗaya bayan ɗaya, kuma duk mai aure ya san wannan ya fi muni.

Mataki na 4: Nemi ɗan mayen ƙarfe

Wasu kyamarori, idan ka manna ɗan mayen ƙarfe daidai inda allon ke lanƙwashewa, sai su ɗauka ka juyo da allon ne, su juya hoton da kansu. Ba kowace ke yarda ba, tawa ta yarda. Na ɓalle na bakin jakar Fadila, da izininta, ko da yake bayan na ɓalle na nema.

Nan take raguna suka sauko ƙasa. Hagu da daman ma na fara sabawa da su. Na kira Kawu ya leƙa, ya ga dukiyarsa a tsaye, ya yi hamdala. Na ɗauki kowane rago gaba da baya, har haƙora. A ranar na ji a jikina cewa Daura ta yi mini kaɗan.

Mataki na 5: Juya shi a kwamfuta kafin ka tura

Kula da kyau, nan ne ake rabuwa da mutunci. Mayen ƙarfe allo kawai yake yaudara. Abin da ke cikin memori yana nan a kife. Sai ka ɗora shi a kwamfuta ka juya, aikin minti biyu ne. Ko a waya ma ana yi, amma wannan sai bayan sallah na sani.

Kwamfutata tana Daura, Kawu yana sauri, ni kuma na riga na yarda da kaina. Na zuba bidiyon a waya na tura Ibadan ko buɗewa ban yi ba. Muna cin fura wayar Kawu ta yi ƙara. Ya sa ta a sifika don kowa ya ji yabo. Sai muka ji Alhaji Kalilu yana salati.

"Alhaji, wace annoba ce ta faɗa wa garken? Duk na gan su ƙafafu a sama, wasu ma har yanzu suna shure-shure."

Ya ƙara da cewa zai nemi raguna a wani wurin, Allah ya mayar da alheri. Kiwon wata bakwai ke nan. Kawu ya ajiye ludayi ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa, wadda a lokacin ita kaɗai ke inda ya kamata.

Mataki na 6: Idan komai ya ƙi, juya mai kallo

Na karɓi wayar na yi wa Alhaji Kalilu bayanin gilashi da bututu, na ce ya juya wayarsa kawai. Ya juya. Wayar tasa mai wayo ce, ita ma ta juya hoton. Ya sake juyawa, ta sake. Ya ce shi dai gawa yake gani ta kowane ɓangare.

Kawu, wanda ko lamba bai iya ajiyewa a waya ba, ya miƙo hannu ya karɓa. Ya ce wa abokinsa ya shimfiɗa wayar a kan tabarma kada ya taɓa ta, sannan ya tashi ya zagaya ya zauna ta ɗaya gefen. Muka ji motsi, muka ji nishin dattijo yana zama. Can sai dariya, har da tari. Ya ce raguna sun tashi, kuma masha Allah sun yi ƙiba. Bayan kwana biyu mota ta iso.

Da za mu tafi, Kawu ya rako mu bakin ƙofa, ya sa mini albarka sosai, sannan ya ce:

"Malam Sabiru, baɗi in Allah ya kai mu, Fadila ta ɗauka da wayarta. Kai kuma ka riƙe mana igiya."

Sanarwa

Duk wanda ya bi waɗannan matakai, shi ya sa kansa. Idan amarya ta fito tana tafiya a silin, ko ango ya sha shayi ya zubo sama, ko mai biki ya biyo ka da takalmi a hannu, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. Kada ka zo shago nemana. In ka zo ka tarar da wani mai kama da ni yana ɓuya a bayan kanta, ɗinki yake koya.